Hayaƙin Kufan Manzo

A ƙarshen garin Falanko ta yamma, inda shingen ƙaya ya yi kwana, akwai wata mata mai saƙar tabarma da ake kira Kulu. Ba ƴar garin ba ce. A Ollelewa aka haife ta, ɗiyar manomi, can kuma aka ɗaura mata aure da Audi mahaƙin rijiya, mutum mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana, wanda ƙasa ba ta barin farcensa ko ranar salla. Mutanen Falanko sun san tabarmarta ba ta warwarewa a baki, sun kuma san in ta je biki gaisuwa kawai take yi ta juya. Abin da suka rasa shi ne inda za su ajiye ta, domin ba mai iya cewa matar aure ce ko mijinta ya mutu. Ita kanta ba ta sani ba.

Asalin abin, wani mutum ne mai suna Manzo ya ja iyalinsa da wasu gidaje kaɗan suka sari daji tsakanin Falanko da Belbeji. Ƙasar wurin gero na son ta, ruwa ne kawai babu. Manzo ya aika a kira Audi, ya ce in ya fito musu da ruwa ya zaɓi gona inda ya ga dama. Kulu na amarya a lokacin, ta ɗauki kayan ɗakinta a kan jaki ta bi mijinta.

Audi ya shiga ƙasa da daginsa. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce farar laka, sai ya iske wani baƙin dutse mai laushi, yana ƙyalli, yana farfashewa a hannu kamar gawayi. Bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ratsa shi har ya tadda ɗan ruwa, amma da aka jawo a guga, jaki ma sunsunawa ya yi ya kau da kai. Aka bar wannan ramin, aka jera masa itace aka ɗora ƙaya. Audi ya koma cikin kwari ya haƙa wata, Allah ya ba da ruwa mai daɗi, gari ya zauna, aka riƙa kiransa Garin Manzo.

Nan Kulu ta yi shekarunta masu kyau. Ta haifi ɗa namiji, ya girma har ya fara bin awaki, ƙyanda ta ɗauke shi, aka rufe shi a maƙabartar da ke gabas da gari. Bayansa ta haifi Raliya. Tsohon ramin kuwa kowa ya manta da shi, sai kara da ciyawa da iska ke ta zubawa ciki shekara da shekaru.

Wani rani wutar daji ta taso daga arewa. Maza suka tare ta da ganye a bakin gonaki, ba ta ci rumbu ko ɗaya ba, sai dai ta lashe itacen da ke bakin tsohon ramin ta faɗa ciki. Da aka ga hayaƙi na fitowa, aka ce karan da ke ciki ne, zai cinye ya mutu. Damina ta zo, ruwa ya sauka har kwari ya cika, hayaƙi bai daina ba. Da shekara ta zagayo sai ga shi yana fitowa ta wata tsaga a tsakiyar gonar Manzo, nesa da ramin. Geron wurin ya yi ja ya kwanta tun bai fid da kai ba. Ruwan rijiyar kwari ya fara zuwa da ɗumi da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wata safiya aka iske awakin da suka kwana a kwari duk sun mutu, babu rauni a jikinsu.

Ba wanda ya tsaya gaban Audi ya ce laifinsa ne. Amma in ya zo majalisa hira takan yanke, matan gari kuma suka daina shigowa gidan Kulu ɗiban wuta. Gidaje suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Manzo zai tashi ya bi gida gida yana sallama, ya tsallake nasu.

Audi dai kullum yana ɗaukar kwando yana zuba ƙasa a ramin. Da gari ya watse, ya rage su kaɗai, ya kira Kulu ya ce, "Ki tafi Falanko wurin gwaggonki, ke da yarinyar nan. Ni na buɗe ramin nan, ni zan rufe shi."

Ta ce, "In bai rufu ba fa?"

"To, sai in zo in faɗa miki bai rufu ba."

Da farko yakan zo. Ya kwana ɗaya ko biyu, ta cika masa buhun gero ya koma. Kowane zuwa ya fi na baya rama, ga tari, rigarsa kuma ko an wanke ba ta rabuwa da ƙauri. Sai shekarar da annoba ta cinye shanu ta shigo. Fulani suka watse, mahara suka yawaita a hanya, mutum ba ya fita daji shi kaɗai. Audi bai zo ba. Kulu ta roƙi maza biyu daga dangin gwaggonta su je su duba, suka ce sai hanya ta yi kyau, hanya kuwa ta daɗe ba ta yi kyau ba. Daga baya wani Buzu cikin ayarin gishiri ya ce sun ratsa ta kusa da wurin, ya ga hayaƙi, bai ga mutum ba.

Malamin gari ya kira ta ya ce in ta so, akwai lokacin da za ta jira, bayansa ta iya yin aure. Wani mai jakuna da ake kira Mato, mai kai gero rijiyoyin yamma yana sayar wa makiyaya, ya aiko a tambaye ta. Ta ce a gode masa, amma ita ba ta san abin da za ta faɗa ba in wata rana aka yi sallama a ƙofa ta ga mai gidanta ne. Mato bai riƙe ta a rai ba. In ya dawo daga tafiya yakan ajiye mata damin kaba a bakin shinge ya wuce.

Gwaggo ta tsufa ta rasu. Raliya ta isa aure, wani baduku ya aure ta ya tafi da ita Damagaram. Gidan ya zama daga Kulu sai kaji. Takan zauna ƙarƙashin rumfa tana saƙa daga hantsi har inuwa ta juya, wani lokaci ta lura tun safe ba ta buɗe baki ba sai don salla.

Bayan kaka, an kai gero rumbu, tana zaune a kasuwa da tabarminta sai wasu fatake suka tsuguna kusa da ita suna cin gyaɗa. Ɗayansu na ba sauran labarin wani abin mamaki da suka ratse hanya don su gani, ƙasa mai ci da wuta babu itace. Yana dariya yana cewa har tabarsa ya kunna a bakin wata tsaga. Ya ce akwai kuma wani dogon rami a wurin, ya yi baka kamar jinjirin wata, zurfinsa ya shanye mutum, masu awaki sun ce aljanu ne suka haƙa. Kulu ta ajiye kabar da ke hannunta. Lokacin da ta baro garin babu wannan rami, kuma ta san mutum ɗaya ne kawai a wannan daji mai haƙa.

Ta je ta sami Mato ta ce in zai yi yamma ya tafi da ita. Ya ce mata hanyar ta fi da sauƙi, amma ba ta mace ita kaɗai ba ce. Ta ce ta wuce shekarun da mahari zai wahalar da raƙuminsa saboda ita. Ta ƙulla gumba a tsumma, ta cika goran ruwa, ta bar wa maƙwabciya kaji.

Tare suka yi tafiyar farko, tana bayan jakuna. Inda hanyar Belbeji ta rabu da tsohuwar hanyar Garin Manzo akwai wata aduwa mai reshe biyu. Nan Mato ya tsaya, ya ce da ba don geron mutane da ke kan jakunan ba da ya raka ta. Ya ba ta sandarsa. Ta yi masa godiya ta shiga daji.

Hanyar da ta sani mai faɗi, wadda jakuna biyu ke jerawa a kanta, ta koma ƴar siririya kamar ta gada. Sabara ta rufe ta a wasu wuraren, sai Kulu ta tsaya ta nemi wani tudu ko wata bishiya da ta tuna. Ƙarangiya ta cika mata bakin zane har ta gaji da cirewa. Ƙarƙashin itatuwa ƙasusuwan shanu ne farare tun na shekarar annoba, wasu da ƙahonninsu, a kwance yadda suka faɗi. Ba ta gamu da kowa ba. Da rana ta take ta zauna gindin wata magarya ta jiƙa gumba ta sha, ta ji tana son yin magana, ta rasa da wa, sai ta tashi ta ci gaba.

Da la'asar ta ji kukan awaki. Ta iske bukkar tabarmi guda ɗaya da wata Buzuwa mai kamar shekarunta tana tatsa. Sunanta Mariyama, mijinta ya tafi arewa da raƙuma. Hausarta a karye take amma ana ganewa. Ta ba Kulu nono, ta tambaye ta ina zuwa. Kulu ta ce hayaƙin za ta je ta gani. Mariyama ta dube ta ta ce masu zuwa kallo maza ne, kuma a ƙungiya suke zuwa. Sannan ta gaya mata ta tafi da safe iska na bayanta, kada ta zauna a kwari, kuma duk inda ƙasa ta yi fari ta soka sanda kafin ta taka. Tambayar da ta kawo Kulu tana bakinta, amma ta haɗiye. So take ta fara gani da idonta.

Washegari da ta kama hanya, wari ne ya fara tarbarta, tun ba ta hango komai ba, irin na farar wuta, mai kama maƙogwaro. Sannan itatuwa suka canza. Suna tsaye amma babu ganye, ɓawonsu ya zube, ba tsuntsu ko ɗaya a kansu. Da ta hau tudun da a da in an hau ake ganin rumbunan gari, sai ta ga fili baƙi da toka toka, hayaƙi na tashi siriri a wurare da yawa, iska na kwantar da shi.

Ta gane gidanta ta dutsen niƙa. Ya yi nauyi ne ta bar shi, ga shi nan inda yake, da ramin da hannunta ya yi masa. Duwatsun murhu uku na gefe. Ɗaki kuwa babu, sai da'irar ƙasa da ta ɗan fi sauran tudu. Ta tsaya a tsakiyar da'irar, ta ga ashe ɗakin ƙarami ne ƙwarai.

Ta bi ta gonar Manzo tana soka sanda. Ƙasa na ba da amo kamar ana taka ƙwarya, zafi na ratso takalminta. Ta zo bakin wata tsaga mai faɗin da akuya za ta faɗa, gefenta ya yi ɓawo rawaya. Ta rufe hanci da mayafi ta leƙa. Can ƙasa, inda duhu ya kamata ya kasance, ja ne, kamar garwashin maƙera in an daina zuga. Babu harshen wuta, babu ƙara, sai wani huci da ke tasowa a hankali ya lafa ya sake tasowa. Shekaru tana jin haushin wutar nan kamar mutum, tana zaton in ta gan ta za ta ga abu mai fushi. Abin da ta gani bai san da ita ba. Ta ja da baya idonta na ruwa saboda hayaƙi.

Tsohon ramin ya zama tudu wanda ya fi tsawon mutum, tsakiyarsa ya lotsa. Kwando nawa ne wannan, ba ta iya ƙiyastawa ba. Audi ya rufe shi kamar yadda ya ce, wutar dai ta riga ta bar wurin ta yi gaba.

Gabas da gari ta iske ramin da bafataken ya faɗa. Ya faro daga gindin tudu ya yi baka ya kewaye maƙabarta, tsakaninta da wutar. Ta tsuguna a bakinsa. A jikin bangon akwai ƴan ramukan sa ƙafa irin na rijiya, kuma na farko a hagu yake. Audi bahago ne. Ta bi bakin ramin tana tafiya har inda ya fara rage zurfi, ya koma iya gwiwa, ya koma ƴar shaida a kan ƙasa, ya ƙare. Saura kaɗan ya haɗe. Amma ko da ya haɗe ba zai yi amfani ba, domin hayaƙi na fita ta wannan gefe da wancan. Wutar ta bi ta ƙarƙashi.

Ta tsallaka ta inda bai yi zurfi ba. Kushewar ɗanta ita ce kusa da kututturen ƙalgo, da fasasshiyar tukunya a kai. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannu, ta ji ƙasar da ɗumi, ɗumi irin na jikin yaro mai barci. Ta daɗe hannunta na wurin. Ɗan fari ne, saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko yana raye ko bayan ya mutu, sai dai ta ce yaron nan. Ta duba gabas ta duba yamma, babu kowa. Ta ce, "Hamidu." Ta sake faɗa. Sannan ta yi masa addu'a, ta yi wa sauran da ke kwance, har da uwar Manzo, ta tashi don kanta ya fara sarawa.

Da ta koma bukka, Mariyama na gyaran igiya. Kulu ta zauna ta sha ruwa, sannan ta ce, "Baiwar Allah, wanda ya haƙa ramin can, kin san shi?"

Mariyama ta ajiye igiyar ta ce, "Naki ne?"

"Mai gidana ne."

Mariyama ta ce tun jiya ta yi zato. Ta ba ta labari a hankali, tana neman kalmomi. Sun same shi a wurin bayan shekarar shanu, shi kaɗai, yana haƙa. Da farko sun ɗauka mahaukaci ne, sai suka ga yana salla, yana gaisuwa da hankali. Ya yashe musu wata rijiya da ta rufta, su kuma suna ba shi nono da ɗan gero. Ya ce musu yana da iyali a wani gari, suka ce ya tafi wurinsu, wannan wuta ba ta mutum ba ce, ya ce sai ya gama. Bai faɗi sunan garin ba, su ma ba su matsa ba. Wani rani suka dawo daga arewa, mijinta ya je kai masa nono ya iske shi a jingine da bangon ramin, dagi a cinyarsa, bai daɗe da cikawa ba. Mijin ya ce ba za a rufe Musulmi a ƙasa mai wuta ba, ya ɗora shi a raƙumi ya kawo shi nan.

Ta kai ta bayan wani tudu, gindin aduwa. Kushewa ce da aka kewaye da duwatsu irin yadda Buzaye ke yi. Mariyama ta koma wurin awakinta ta bar ta.

Kulu ta zaci kuka za ta yi, sai ta ji fushi ya riga hawaye zuwa. Tafiyar da ke tsakaninsu ba ta fi wadda ita tsohuwa ta yi da ƙafarta ba. Ya zauna yana tare wa matattu wuta, ya bar ta da yarinya a gidan mutane, ya bar Raliya ta yi aure babu uba a wurin. Ta faɗa masa haka, a fili, yadda ba ta taɓa yi masa magana ba yana raye. Da ta gama ta zauna. Ta tuna yadda yake sunkuyar da kai in ya dawo daga majalisa, ta san ba zai iya shiga Falanko ya ce ya kasa ba. Ta tsince ƙarangiyar da ta fito tsakanin duwatsun, ta zuba sauran ruwan gorarta a kai.

Mariyama ta fito mata da dagin, ta ce sun ajiye ko wani zai zo nema. Ƙarfen ya cinye har ya kusa zama rabi. Kulu ta juya shi a hannu, ta mayar mata, ta ce su da ke daji sun fi ta bukatarsa.

Da ta koma Falanko ta je wurin malam ta gaya masa. Ya ce mutuwar ta daɗe, kwanakin takaba sun wuce tun ba ta sani ba. Ta ce duk da haka za ta zauna. Ta kwance kitso ta shiga ɗaki. Mutane suka rasa irin gaisuwar da za su yi wa matar da mijinta ya yi shekara da shekaru a ƙasa, kaɗan ne suka zo. Mato ya kawo gero aka yi sadaka. Ta ba fataken Damagaram saƙo, bayan wata biyu Raliya ta aiko da zane da turare, ta ce tana da tsohon ciki, ba ta iya hanya.

Kulu ta fita takaba ta koma saƙarta. Labari ya bazu cewa ta je har wurin da ƙafarta, don haka duk baƙon da ya sauka Falanko yana son ganin ƙasa mai wuta, gidanta ake nuna masa. Takan gaya masa inda zai rabu da hanyar Belbeji, da tudun da zai hau, ta ce ya riƙe sanda, kada ya zauna a kwari. In ya tambaya ko gaskiya ne aljanu suka haƙa dogon ramin, sai ta ce a'a, mutum ne, sunansa Audi, ɗan Ollelewa. Ita dai ba ta sake komawa ba. Raliya ta sha aikowa cewa uwar ta dawo Damagaram da zama, kullum amsarta sai bayan kaka, har Allah ya karɓi ranta a wannan gida na bakin shinge.